Kwafin mutum-mutumin Glasgow ba jabu ba ne

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na karanta wasiƙar da wani bawan Allah ya rubuto muku a makon jiya, yana mamakin yadda Turawa ke kashe kuɗinsu wajen sayen ƙananan kwafin sassaƙe-sassaƙen gidajen tarihi. Ya ce jabu ne, kuma almubazzaranci ne. Ni ina da ɗaya a ɗakina, shi ya sa na kasa yin shiru.

Aikin jinya nake yi a Glasgow ta ƙasar Scotland. A birnin akwai gidan tarihi da ake kira Kelvingrove, wanda aka buɗe a 1901, kuma ba a biyan ko sisi kafin a shiga. Wata ranar hutu ruwan sama ya kora ni ciki, ina ta yawo ba da wata niyya ba, sai na yi kiciɓis da wani farin mutum-mutumi. Uba ne zaune a kujera, ya rungume 'yarsa ƙarama a ƙirji, ita kuma ta lafe a jikinsa. Sunan aikin Motherless, wato marar uwa. George Lawson ne ya yi shi a ƙarshen zamanin Sarauniya Victoria, mutumin Edinburgh da aka haifa a 1832 ya rasu a 1904. Shi ne kuma ya yi mutum-mutumin mawaƙinsu Robert Burns da ke tsaye a garin Ayr.

Na daɗe a tsaye a wurin, ƙafata ta ƙi ɗauka ta. Ina da shekara huɗu mahaifiyata ta rasu wurin haihuwar ƙanena, shi ma bai kwana ba. Bayan an share makoki dangi suka zauna, aka ce a ba Gwaggo ni, don namiji ba ya iya rainon 'ya mace. Baba ya ce ya ji, amma a bar masa ni. Shi ya koyi dama koko, ranar farko duk gudaji. Ran Asabar ya goya ni a bayan keke ya kai ni gidan mai kitso, ya zauna a dakalin ƙofar gida har a gama. In na farka cikin dare ina kiran Inna, ba ya cewa komai, sai ya ɗauke ni ya zauna da ni a bakin gado har barci ya sace ni. Wannan zaman ne na gani a Kelvingrove. Mutumin da ya mutu fiye da shekara 100 da suka wuce, wanda bai taɓa jin sunan garinmu ba, ya san yadda hannun uba ke riƙe yaro in babu abin faɗa.

Daga baya na sayi ƙaramin kwafinsa. Na san sarai ba shi Lawson ya taɓa da hannunsa ba, wanda ya sayar mini ma bai ce shi ne ba. To ina jabu a nan? Jabu shi ne a ba ka tagulla a ce zinariya ce.

Kuma wannan ba sabuwar dabarar 'yan kasuwar yau ba ce. Mutanen zamanin Victoria su da kansu suka ɗauki yin kwafi da muhimmanci. Tun wajen 1840 da ɗoriya kamfanonin tangaran irin su Minton da Copeland suke yin ƙananan siffofi da wani farin tangaran mai kama da marmara da ake kira Parian, don malamin makaranta ko akawu ya samu abin da a da sai mai fada yake gani. Wani mai suna Benjamin Cheverton har na'ura ya ƙera mai rage girman sassaƙa ba tare da siffar ta ɓaci ba. A Landan kuwa, gidan tarihin da yanzu ake kira Victoria and Albert (V&A) ya buɗe manyan zaure biyu a 1873 waɗanda kwafi ne ya cika su, har da na mutum-mutumin Dauda wanda Michelangelo, shahararren masassaƙin Italiya, ya sassaƙa, saboda ɗalibin da ba shi da kuɗin jirgi zuwa Italiya.

Inda zan goyi bayan mai wasiƙar shi ne kan masu saye don tarawa kawai. Akwai masu ajiye irin waɗannan kaya cikin kwali, ba su ko buɗe shi, suna jiran ranar da farashi zai tashi. Wannan yana ƙona mini rai, uba da 'yarsa a naɗe cikin leda a saman durowa. Na kuma san 'yan'uwana Musulmi suna da maganar malamai kan ajiye mutum-mutumi a gida, kuma ina girmama wannan ƙwarai. Wata abokiyar aikina Bakatsiniya katin hotonsa ma ba ta saya ba, amma da na kai ta ta gan shi, sai da ta share hawaye.

Roƙona gare ku, Edita, in za ku sake ɗauko labarin irin waɗannan kaya, kada a tsaya kan fam nawa ake sayar da su. A gaya wa mai karatu wa ya yi aikin, me ke cikinsa, me ya sa mutanen gari suka riƙe shi a zuciya.

Baba ya rasu shekara uku da suka wuce, ina nan ban samu zuwa jana'iza ba. Hotonsa ɗaya tak nake da shi, na katin fansho, ya ɗaure fuska. Kusa da hoton na ajiye kwafin, a kan ɗan teburin da ke gefen gadona.

Taku,
Mai karatu daga Glasgow