Zuwa ga Mamana, kan kwas ɗin da kika zaɓa

Argungu, daren Laraba.

Assalamu alaikum, Mamana.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Gwaggonki da yara. Labari ya iso mini cewa kin canja abin da kika cike a fom ɗin JAMB, kin bar karatun lauya kin koma wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa. A bakin kawunki na ji, a ƙofar masallaci, gaban mutane. Wannan ya fi canjin kansa yi mini ciwo. Amma tunda kin ɗaura niyya, gara ki ji abin da ke ciki daga gare ni.

Sana'ar nan murhu ce mai duwatsu uku: wasa, waƙa da rawa. Yawancin jami'o'inmu ba su da kwas mai wannan suna kai tsaye, sashen wasan kwaikwayo ake shiga, kuma kowane sashe da dutsen da ya fi jingina a kansa. Na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya yi suna tun shekarun 1970 a wasan wayar da kai, wanda ake shiga ƙauye a gina wasa a kan matsalar mutanensa. Jos garin fim ne, can makarantar koyon fim ta ƙasa take. Bayero a Kano ita ma tana da sashen. Ilori ta haɗa kiɗa da rawa da wasa a sashe guda, ita ta fi kusa da abin da kike nema, sai dai nisa: Yauri, Kontagora, Mokwa, Jebba, wuni guda a mota.

Kada suna ya ruɗe ki. Ki nemi littafin jagoran sashen, ki ɗauki biro ki ƙirga darussa nawa ne na horon murya da karatun alamomin kiɗa a cikin shekara huɗun. In biyu kawai kika gani, to ba za a koya miki waƙa a nan ba. Ki tambayi ɗaliban aji uku, ba ofis ba: akwai fiyano mai aiki da mai kaɗa ta? Mutum nawa ne a ajin firaktikal? In sun haura ɗari, sai ki gama zango malami bai saurari muryarki ita kaɗai ba. A kan me ake rawa? Daɓen siminti ba ya lotsawa, duk tsallen da kika yi gwiwa da ƙwauri ne ke shanye shi, shi ya sa ake son daɓen katako. Wasa nawa suke ɗorawa a dandamali a shekara, kuma wa ke biyan kuɗin sutura da kayan ado? Galibi ɗalibai ne ke yin karo-karo, kuma ba a rubuta wannan a takardar kuɗin makaranta.

Takardu kuwa ba su da wasa. Kiredit biyar ake so, har da Turanci da Adabin Turanci, a zama da bai wuce biyu ba. D7 ɗin da kika samu a Adabi ba zai kai ki ko bakin ƙofa ba, sai kin gyara a NECO ta ƙarshen shekara. Ki kuma tabbatar hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da kwas ɗin a jami'ar da kika zaɓa, in ba haka ba bautar ƙasa sai ta gagare ki.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke hana ni barci daban ne, kuma ba surutun gari ba ne. Ƙasar da ta saurari Ɗandawo da Ɗanƙwairo ba za ta ce waƙa baƙuwa ce ba. Dare nake tsoro, da maki. Da rana kowa na lacca, don haka rihazal, wato gwajin wasa, sai bayan magariba, in wasa ya matso har a kai sha biyu ko a kwana. Jarrabawar lauya takarda ce, in an zalunce ki sai a nemi a sake dubawa. Firaktikal kuwa an yi shi an gama, babu abin da ya rage sai abin da mai ba da maki ya rubuta. Shi ke raba matsayi, shi ke cewa wance ce jaruma wance kuma ta tsaya a baya cikin 'yan amshi, shi ke cewa "ki tsaya bayan an tashi mu gyara muryarki." Yawancin malamai mutanen kirki ne, na sani. Ɗaya tak ya isa. Yarinya 'yar shekara 18, nesa da gida, ƙarfe sha ɗaya na dare, digirinta a hannun mutum guda. Wa za ki kira? Ni da ke Argungu?

Kuma ke ce kika ƙara mini tsoron. Wadda ta iya ɓoye mini fom wata biyu, in wani abu ya same ta a can, faɗa mini za ta yi? Haka aka yi da ɗiyar baffanki, kowa ya yi shiru don kunya har aka kai inda aka kai. Kin ce wa Gwaggo ni mai tsanani ne, wai na hana ki zuwa Kano bara. Na hana, kuma ko gobe aka maimaita zan hana. Ba ki san abin da na sani game da tafiyar nan ba.

To, ya isa. Ban ce kada ki yi ba. Muryar da Allah ya ba ki tun kina Islamiyya kina jan baiti a gaban aji ba ƙaramar kyauta ba ce, kakarki da kika ci sunanta ma haka take. Ga sharuɗɗana. A ɗakin kwanan ɗalibai na cikin makaranta za ki zauna, ba haya a gari ba. Ba ki zuwa rihazal ko dawowa ke kaɗai, kuma gyaran murya a ɗaki da ƙofa a rufe babu shi, ko wane ne ya kira. Ki zaɓi sashen da malamai biyu ko uku ke zama su ba da makin firaktikal, ki kuma san wata malama a sashen tun makon farko. Duk saƙon waya da bai kwanta miki ba, kada ki goge.

Muryar ma ki kula da ita. Ki ɗumama ta minti goma kafin ki ɗaga, ki yawaita shan ruwa lokacin hunturu, ki rufe hanci da baki in ƙura ta taso. In ta dushe ta wuce mako biyu, likitan maƙogwaro za ki gani, ba citta da zuma ba, don yawan tilasta ta na fitar da ƙulli a igiyoyin murya.

Ki zo gida ranar Juma'a da littattafan jagorar sassa biyu, mu zauna mu ƙirga tare. Na ba kawunki kuɗin mota da na rajistar NECO. Innarki na gaishe ki, ta ce ki taho mata da kwanon nan nata.

Mahaifinki.