Alamar == ba ta leƙa cikin jerin lambobi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili a wannan jarida mu ja hankalin ɗaliban kwamfuta na nan Katsina, musamman masu rubuta manhajar aikin kammala karatu, kan kwatanta jerin lambobi biyu, misali makin da malami ya shigar da wanda ofishin jarrabawa ya ajiye.

A harsunan rubuta manhaja na Java da C, wanda ya rubuta a == b don ya ga ko jerin a da jerin b ɗaya ne, bai taɓa makin ba. Adireshin jerin biyu a ma'adanar kwamfuta ya kwatanta, don haka ko lambobin sun zo ɗaya sak, za a ce masa sun bambanta. Harshen Python ne ke sa yara sakankancewa, domin a can alamar tana bin abin da ke cikin jerin.

A fara da duba tsawo. In ya saɓa, magana ta ƙare. Sannan a bi gurbi gurbi daga 0, da sharaɗin i < n, wato lambar gurbi (i) ta kasance ƙasa da tsawon jerin (n). Jeri mai lamba 50 a gurbi na 49 yake ƙarewa. Wanda ya sa i <= n ya wuce ƙarshen jerin da gurbi ɗaya: Java za ta tsayar da shi da saƙon kuskure, wannan ma gata ne. C shiru za ta yi, ta karanto abin da ke maƙwabtaka, manhajar ta yi daidai yau, gobe ta kawo shirme. Da an ci karo da bambanci a dakata, a fito da lambar gurbin, don a san makin wa za a bincika.

Java na da Arrays.equals, umarnin da ke kwatanta abin da ke cikin jeri biyu, kuma tun fitowar Java 9 a 2017 akwai Arrays.mismatch, mai nuna gurbin farko da aka saɓa, ko -1 in babu. Masu amfani da memcmp, umarnin kwatantawa a C, su tuna bayit take ƙirgawa, wato ma'aunin fili a ma'adana, ba lambobi ba. Lambar int, wato cikakkiyar lamba, galibi bayit 4 ce, to jeri mai 50 bayit 200 ne. In aka ba ta 50, lamba 12 da rabi kawai ta duba.

Tarkon da ya fi ɓoyuwa yana cikin Integer na Java, nau'in lambar da == ke kwatanta adireshinta maimakon ita kanta lambar. Daga -128 zuwa 127, == kan ba da amsa daidai saboda an tanadi waɗannan lambobin tun farko. Gwaji da makin aji, wanda ba ya wuce 100, sai ya tafi lami lafiya. Ranar da aka zuba makin JAMB, 250 da 250 su fito a matsayin mabambanta. A nan umarnin equals ake sawa a madadin ==, ko a mayar da jerin int.

Wassalam,
Wasu malaman kwamfuta,
Ƙofar Kaura, Katsina