Wasiƙar Ƙorafi Zuwa Ga Kamfanin Da Ke Sayar Mana Da Kayan Kwamfuta

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu masu haɗawa da gyaran kwamfutar tebur ne, kuma kukanmu shi ne yadda kuke tallata bod (babban faifan da ake haɗa sassan kwamfuta a kansa) da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ba cikakken bayanin soket, wato gurbin da furosesa ke zama a jikin bod. Sai ku rubuta "Core i5" ko "LGA1151" ku yi shiru, alhali wannan bai isa mutum ya fitar da kuɗinsa ba.

Soket ɗin LGA1151 iri biyu ne. Bod mai cifset (na'urar da ke haɗa furosesa da sauran sassan bod) H110 ko B250 na furosesan Intel ne na zubi na 6 da na 7, shi kuwa H310, B360 da Z390 na zubi na 8 da na 9. Ƙafafun soket 1151 ne a dukansu, don haka i5-8400, furosesan zubi na 8, zai zauna daram a kan H110, a danne maƙalli, a kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Dalili kuwa, Intel ta mayar da wasu ƙafafun na ɗaukar wuta. Mai saye bai san haka ba, sai ya ɗauka furosesan ne ya mutu, ya zo ya ɗora mana laifi.

A ɓangaren AMD, bod ɗin B450 na soket AM4 ba zai tashi da Ryzen 5 5600 ba muddin BIOS ɗinsa (manhajar da ke tayar da bod) tsoho ne, kuma a wasu bod ba a iya sabunta BIOS ɗin sai an samo tsohon furosesa. Soket AM5 ba ya karɓar kowane RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) sai nau'in DDR5. A soket LGA1700 na Intel kuma akwai bod na DDR4, akwai na DDR5, ramukan fankarsa milimita 78 ne tsakani, na LGA1200 kuwa 75.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne turo bod ɗin LGA ba murfin roba a kan soket. A AM4 ƙafafun suna jikin furosesa, amma a LGA suna cikin soket, sirara kamar gashi, ko gefen leda ya shafe su sai su lanƙwashe. Idan an dawo muku da shi kuma ku ce ba kwa karɓar mai lanƙwasasshiyar ƙafa. Haba!

Muna roƙo ku riƙa rubuta soket, cifset, lambar BIOS da nau'in RAM a jikin kowane bod, ku rufe soket kafin ku tura, sannan ku karɓi duk kayan da ƙarancin bayaninku ya sa aka saya bisa kuskure.

Mun gode.

Naku,
Masu haɗawa da gyaran kwamfuta