Don Allah a daina yi wa dara wankin zanna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka, sannan ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan abin da wasu za su ce ƙarami ne amma ni wallahi yana damuna, wato yadda muke kashe hular dara da hannunmu da sunan wanki. Yanzu dara ta dawo kan matasa sosai, ba sai dattawa da malamai da masu naɗa rawani ba, ranar Juma'a ko wajen ɗaurin aure ka duba sahu za ka ga ja, baƙa, ruwan toka, har da mai ruwan ƙasa, kuma ba araha gare ta ba, mutum ya tara kuɗinsa ya saya amma bayan Sallah ɗaya sai ka gan ta ta tsuke ta koɗe ta yi wani irin tauri, mai ita yana ta zagin ɗan kasuwa wai jabu ya sayar masa. Sau da yawa ba jabu ba ce, wanki ne ya cinye ta.

Abin da ya kamata kowa ya fara ganewa shi ne dara ba saƙar zare ba ce kamar zanna bukar ko damanga. Gashin tumaki ne aka dunƙule shi ya zama abu ɗaya, wasu masu tsadar ma da gashin zomo ake yi. Shi gashin tunkiya kowane sili yana da wasu 'yan ɓawo-ɓawo a jikinsa da ido ba ya gani, idan ya samu ruwa da zafi da sabulu sannan aka murza shi sai silin su sarƙe da juna, su ƙanƙame, kuma ba sa sake warwarewa. Da haka ake yin hular tun asali. A Tunis, inda ake yin mai laushin nan da suke kira shashiya, kuma har yau Najeriya da Nijar na cikin manyan masu sayenta, mata ne ke fara saƙa wata ƙatuwar hula sakwa-sakwa da ulu, wadda idan ka sa za ta rufe maka har fuska, sai a kai ta a yi ta bugu cikin ruwa da sabulu har ta tsuke ta dawo daidai kai, saƙar ta ɓace gaba ɗaya, sannan a taje ta da ƙaya, a rina, a ɗora a kan abin da ke ba ta siffar kai. To kai da ka jiƙa darar ka cikin ruwan zafi da omo ka kama dirza da burushi, aikin masu yin ta ka ɗora daga inda suka tsaya, ita kuwa za ta ci gaba da tsukewa ne tunda abin da ta sani ke nan. Su masu taurin nan irin na kamfanin Tonak da ake kawowa daga ƙasar Cek, ban da tsukewa, akwai abin da ake sa musu don su tsaya ƙyam, ruwa ya yi yawa sai tsayuwar ta tafi.

Ni ba faɗa nake da masu wankin hula ba, Allah ya sani, sana'arsu ce kuma a kan zanna babu kamarsu, su wanke su sa sitati su ɗora a itace su shanya a rana su buge ta fito tana ƙyalli. Amma duk waɗannan matakan guba ne ga dara. Wani maƙwabcina ya haɗa darar mahaifinsa marigayi da sauran hulunansa ya aika yaro da su wajen wanki, ja ce mai tuntu, ta fi shekarun yaron da aka aika, da aka dawo da ita jan ya zuba ya bar wasu fararen zane-zane inda sitati ya bushe, bakin ya tattare, ko kan ɗansa na firamare ba ta shiga. Bawan Allah nan bai ce komai ba, ya dai riƙe ta yana juyawa. Wannan ba abin da kuɗi ke mayarwa ba ne.

Alhali kula da ita a gida bai kai wahalar wankin kaftani ɗaya ba. Mafi yawan abin da muke kira datti a jikin dara ƙura ce kawai, musamman da hunturu, kuma maganin ƙura burushi ne mai laushi, busasshe, irin na goge takalmi amma sabo wanda bai taɓa ganin kiwi ba. Ka shafa da hannu tukuna za ka ji gashin yana da inda ya kwanta, sai ka bi kwanciyar, gefe ɗaya kawai, a hankali, kada ka yi gaba ka yi baya. In kana da baƙa da mai haske ka raba musu burushi domin gashin wannan yana hawa kan waccan. Zare-zaren rawani da ke maƙalewa kuma, naɗa salatif a yatsu ta ɓangaren gam ɗin a waje ka dinga dannawa kana ɗagawa, duk za su fita.

Inda aka fi shan wahala shi ne gumi da man kai, wannan baƙin layin da ke zagaye bakin hula ta ciki. Idan maiƙo ne, a barbaɗa hoda ko garin sitati busasshe a wurin, a bar shi ya kwana ya tsotse, da safe a kakkaɓe a bi da burushi, in bai fita duka ba a maimaita, haƙuri yake so. Idan gishirin gumi ne, a samu farin ƙyalle mai tsabta a tsoma a ruwan sanyi da ɗan sabulu mara ƙarfi kaɗan, a matse shi sosai har ya zama danshi kawai, a dinga dannawa a wurin, ban ce a goga ba, a danna a ɗaga. Kuma a fara gwadawa ta ciki inda ba a gani, domin jan rini akwai zuba. Hypo ko fetur ko kananzir kuwa kada ma su kusance ta, na ji masu ba da wannan shawarar kuma ba daidai ba ne. Abin da ya fi duk wannan sauƙi shi ne dabarar dattawa, su sa 'yar farar hular nan tashi-ka-fiye-naci a ciki sannan su ɗora dara, gumin ya tsaya a farar, ita kuwa ko kullum ka wanke ta babu asara.

Sai maganar gyaran tsayuwa, wadda ita ce ta fi ba mutane mamaki idan suka gani. Dara ta lotse, an zauna a kanta a mota ko an danne ta a akwati, ba guga take so ba, tururi take so. Ka dafa ruwa a butar shayi, idan bakin ya fara fitar da tururi sosai ka riƙe hular nesa da shi kamar tsawon tafin hannu, ka dinga juya wurin da ya lotse na 'yan daƙiƙu, za ka ji ya yi laushi a hannunka, sai ka janye ka sa yatsu ta ciki ka turo shi waje kana shafawa, ka riƙe a haka har ya huce. Da ya huce ya zauna ke nan. A yi hattara da hannu don tururi ya fi ruwan zafi ƙuna, kuma kada a bar ta ta jiƙe sharkaf, ɗumi da ɗan danshi ake nema. In hular gaba ɗaya ce ta karkace, auna kanka da tef ɗin tela, wanda ke sa 22 a zanna wajen santimita 56 ke nan, sai ka nemi ƙaramar tukunya ko babban gwangwanin madara ka naɗe shi da tawul har kaurin ya kai awon kanka, ka ba hular tururi zagaye, ka zura ta a kai, ka daidaita saman da tafin hannu, ka ajiye a inuwa inda iska ke shiga har ta bushe da kanta. Da wannan har wadda ta ɗan matse kaɗan ana iya buɗa ta, amma wadda aka riga aka dafa da omo sai dai haƙuri.

Rana, bakin murhu da gaban gilashin mota, ukun nan su ne ke ƙarasa dara. Ruwan sama ya taɓa ta, ka kakkaɓe ka gyara mata tsayuwa ka bar ta a ɗaki, kada ka ce bari in shanya ta bushe da wuri.

Masu sa malafar Turawa mai baki, irin wadda tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan ya yi suna da ita, da samarin da ke hawa doki da ta kaboyi, duk dokar ɗaya ce tunda kayan ɗaya ne. Ƙarin kawai shi ne a kife ta a kan ƙoƙonta idan za a ajiye don kada bakin ya miƙe, a daina tsunkule gabanta da yatsu wajen cirewa, in bakin ya lanƙwashe a ba shi tururi a shimfiɗa a tebur a danne da littattafai.

Ajiya kuma a kula da asu, don babu abin da yake so kamar ulu mai gumi a cikin duhu. A goge ta kafin a ajiye, a cusa mata takarda mara rubutu a ciki, a sa a kwali da ɗan kafur a naɗe a ƙyalle a gefe. Ban da leda, da damina leda tana riƙe danshi sai hunhuna ta kama.

Roƙona ga 'yan kasuwar hula na Kurmi da Kwari da sauran garuruwa shi ne in kun sayar da dara ku ɗauki minti ɗaya ku gaya wa mai saye cewa ba a jiƙa ta, ba zai rage muku ciniki ba. Masu wankin hula kuma ku ware dara daga cikin tulin da ake kawo muku, ku tanadi buta da burushi mai laushi ku sa mata nata farashin daban, mutane za su biya. Kai kuma Malam Edita, da za ka tura wakilinka ya zauna da tsofaffin masu sayar da dara a kasuwa su yi bayani da bakinsu, da ka taimaki mutane da yawa kafin Sallah mai zuwa.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
mai karanta jaridarku daga Kano