Sauya wa Yaran Riƙo Makaranta Na Cinye Karatunsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana kan yaran riƙo, waɗanda rasuwar iyaye, mutuwar aure ko cutarwa a gida ta mayar da su hannun wasu. Duk sanda aka canza wa yaro mariƙi, galibi makarantarsa ma ta canza, kuma a nan ɓarnar take.

Makarantu ba sa tafiya da manhaja da gudu ɗaya. Wadda yaro ya baro sai zango na biyu za ta koyar da lissafin rabawa, wadda ya koma kuwa ta gama shi tun zango na farko. Shi ke nan ya tsallake, babu wanda ya taɓa koya masa, alhali darussan gaba a kan wannan aka ɗora su. Makin gwaje-gwajen da ya tara ya tsaya a tsohuwar makaranta, takardar canji ta yi makonni ba ta iso ba, shi kuma yana zaune a gida.

Idan sabuwar makarantar ta gwamnati ce da ke fama da cunkoso da ƙarancin malamai, abin ya ƙara muni. Sabon zuwa bencin baya ake tura shi. In ba ya ganin allo sosai, ko kunnensa ɗaya bai ji, babu mai lokacin ganowa. Shirunsa a kira shi daƙiƙanci, fushinsa a kira shi taurin kai, a manta cewa yaron nan ya rasa gida, abokai da malamin da ya saba da shi duk a rana ɗaya.

Wasu ƙasashe sun sa doka. A Amurka, dokar ilimi ta 2015 ta ce ɗan riƙo ya ci gaba da zuwa makarantarsa ta asali sai in maslaharsa ta nuna akasin haka, kuma in an canza, a karɓe shi nan take ko takardunsa ba su iso ba. A Ingila, tun 2014 wajibi ne kowace ƙaramar hukuma ta naɗa jami'in da ke bibiyar karatun yaran da ke hannunta.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. In canjin ya zama dole, a jira ƙarshen zango, kuma a guje masa a shekarar jarrabawar fita. Yaro ya tafi da fayil a hannun mariƙinsa: sakamakon zango uku na baya, inda aka tsaya a kowane darasi, da bayanin lafiyarsa. Cikin mako biyun farko a gwada karatunsa da lissafinsa, a duba ido da kunne. Sannan shugaban makaranta ya ware malami ɗaya da zai riƙa ganawa da mariƙin sau ɗaya a wata, ko da ta waya ce.

Naku,
Wasu malaman makaranta da ma'aikatan kula da yara