Zuwa ga Shugaba Macron: Kayan da Soult ya kwasa a Seville har yau suna Louvre

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri.

A Wagadugu, cikin Nuwamban 2017, ka yi alkawarin cewa nan da shekara biyar za a share hanyar mayar wa Afirka kayan tarihinta. Benin ta karɓi guda 26 a 2021, mun gode. To amma kwanan nan na ƙara duba abin da kuka yi wa maƙwabciyarku Sifaniya, sai jikina ya yi sanyi.

Ka san Marshal Soult, babban kwamandan sojojin Napoleon. Ya shiga birnin Seville na kudancin Sifaniya a Fabrairun 1810, ya riƙe yankin Andalus da bakin bindiga har zuwa 1812. Manoma da makiyaya da limaman coci suka shiga duwatsu suna yaƙin sunƙuru, suna tare 'yan aike da ayarin abincin sojojinsa. A watan Mayun 1810 sai ya fitar da doka: waɗannan mutane 'yan fashi ne, duk wanda aka kama a harbe shi, a bar gawarsa a bakin hanya ta zama izina.

'Yan fashi fa! Alhali a wannan shekarar ne mutanenku suke bi coci-coci suna sauke zane-zane daga bango, aka jibge kusan dubu a fadar Alcázar, shi kuma janar ɗin ya zaɓi na zaɓe ya wuce da su gidansa a Paris. Zane huɗu na Murillo, shahararren mai zanen Seville, da aka cire daga asibitin Caridad sun watse, yau suna Landan da Washinton da Ottawa da St Petersburg. Zanen haihuwar Nana Maryamu, wanda aka ɗauke daga babban cocin Seville, Louvre, gidan tarihinku na Paris, ta karɓe shi daga hannun magadansa a 1858, yana nan ana sayen tikiti a kalle shi. Za ku ce ai da takarda kuka karɓa. Mai sayen kayan sata ma yakan nuna rasit.

Kun taɓa mayar da ɗaya a 1941, shi ma musaya aka yi. Sunan Soult kuwa na nan a jikin Arc de Triomphe, ƙofar tunawa da nasarorin yaƙi da ke Paris, ga babban titi da kuka raɗa masa.

Idan maƙwabciyar da kuke tarayyar Turai ɗaya ta shafe shekara fiye da ɗari biyu tana jira, mu yaushe za a zo kanmu? Don Allah, ranka ya daɗe, a fara da zanen cocin nan. A sauke shi, a mayar da shi Seville, ba aro ba, ba musaya ba.

Naka,
Wani mai bibiyar tarihi