Maigidana zai koma gona, ni kuwa tsoro ya hana ni barci

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ba na barin shirinka ya wuce ni, yau dai na ce bari in kawo tawa damuwar.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Michika a jihar Adamawa. A watan Satumba na 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo, ta kan duwatsu muka gudu, goyo a bayana, ko tukunya ban ɗauka ba. Tun lokacin muke zaune a Jos, ina toya ƙosai, maigidana yana gadi. Bana ya ce ya gaji da cin hatsin awo, zai koma ya share gonar mahaifinsa kafin ruwa ya sauka. Ƙannensa sun koma tuntuni, suna noma lafiya, amma da ya ambaci tafiyar sai gabana ya faɗi.

Hujjarsa Irmiya sura 32 ce. Ya ce sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin yana tsare, duk da haka ya sayi gona a Anatot da azurfa shekel 17, domin Allah ya ce za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Na ce masa ai Irmiyan nan ne a sura 29 ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila cewa su gina gidaje su zauna inda suke, sai bayan shekara 70. Ka ji mu, Baba, annabi ɗaya muke ja, kowa ya riƙe gefensa.

Abin da ya fi damuna ma ban faɗa masa ba. Wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta kai ni wurin wani mai annabci. Ya ce ya ga makara a ƙofar gidanmu, sai na shuka iri, wato na ba da kuɗi, kafin a kawar da ita. Na ba shi naira dubu 20, jarin ƙosaina. Yanzu kuma ya aiko wai a ƙaro.

Na haddace Ishaya 41:10, inda Allah ya ce kada a ji tsoro, nakan maimaita har in yi kuka, amma ko babur ya yi ƙara da dare sai in miƙe zumbur. Wannan tsoron rashin bangaskiya ne, ko hankali ne Allah ya ba ni? Ta yaya zan gane annabcin da ya fito daga wurin Ubangiji? In kuma maigidana ya nace, in bi shi da yaran, ko in bar shi ya fara yin damina ɗaya shi kaɗai? Zancen kuɗin nan fa, in faɗa masa?

'Yarka cikin Ubangiji,
wata uwa daga Jos